Kwamfutar Abban Husna

Litinin 4 ga Agusta, bayan la'asar

Muna Gusau, gidan surukata Hajiya Kulu. Yaya Bello, wan mijina, shi ya je Tsafe ya ɗauko mu ni da Husna. Ya ce ba za mu zauna mu biyu ba a halin da ake ciki. Ban yi gardama ba. Na haɗa kayan sawa, na bar wa maƙwabciyata Mansura kajina. Ita ma idonta ya kumbura. Mijinta Dogo ne ke tuƙa motar ranar Alhamis ɗin, motar da ta taso daga Tsafe da Abban Husna a ciki, ba ta iso Gusau ba.

Sai da muka hau titi na lura Husna ta rungumo jakar kwamfutar Abbanta. Na ce me za ki yi da ita? Ta juya tana kallon gonaki. Shekararta sha huɗu, amma tun ranar ba ta ce mini komai ba sai "to" da "a'a".

Yaya Bello ya ce idan waɗanda suka ɗauke su sun kira, shi zai yi magana. Mu namu addu'a.

Laraba 6 ga Agusta, da hantsi

Ba kira.

Alhamis 7 ga Agusta, bayan azahar

Husna ta kunna kwamfutar, ta nemi kalmar sirri. Ta kawo mini, na ce ban sani ba. Kallon da ta yi mini kamar na ce ban san sunansa ba.

Sai ga Sadiya, autar Hajiya, wadda ta yi karatun kwamfuta a Zariya. Ta ce, "Kawo nan, 'yar Goggo." Ta ciro wani ɗan filas daga jakarta ta soka a gefe, ta sake kunnawa tana danna wani maɓalli. Fuskar ta fito da wani abu baƙi da kore wanda ban taɓa gani ba. Babu kalmar sirri, babu komai.

Na ce, "Me kika yi mata? Kada ki ɓata masa kaya."

Ta ce, "Anti, ban taɓa komai ba. Linux ne, daga cikin filas yake tashi. Ina zarewa za ta koma yadda ya bar ta."

Ta yi mini bayani ina tsaye da tsintsiya. Wai Windows ɗin da ke kai za a daina aiko masa gyara a watan Oktoba, kwamfutar kuma ta tsufa, ba za ta ɗauki sabon ba. Shi Linux ba na wani kamfani guda ba ne, mutane ne daga ko'ina suka haɗu suke gina shi, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara. "Yaya Tajuddeen ya ƙagu ya koma kansa. Tun azumi muke zancen."

Tun azumi. Ɗaki ɗaya nake kwana da mutumin nan. Na ɗauka rahoton taki da iri yake bugawa na ofis.

Asabar 9 ga Agusta, da yamma

Na ji dariyar Husna. Ina wanke shinkafa na ji ta daga ɗakin Sadiya, irin dariyar nan tata mai shaƙewa. Ya kamata in ce alhamdulillahi. Na faɗa. Amma sai da na zubar da rabin shinkafar a rariya.

Lahadi 10 ga Agusta, bayan sallar asuba

An kira jiya. Yaya Bello ya fita ƙofar gida da wayar, ya daɗe. Da ya dawo ya ce, "Ya ji muryarsa." Haka ya faɗa, kamar wani ne ya ji ba shi ba. Ban tambaya ba, bai ƙara ba.

Husna ta ruga ta faɗa jikin Sadiya. Ina zaune kusa da ita, hannuna a buɗe.

Talata 12 ga Agusta, da rana

Kullum suna kan kwamfutar. Sun buɗe hotunansa da ke ciki, sun sami na wata gona a garin Rawayya inda yake koya wa manoma tazarar shuka, da na sunan Husna, da wani bidiyo da yake rera mata karatu tana ƙarama. Sadiya ta ce in zo in gani. Na ce ina da wanki.

Ba ni da wanki.

Na yi wa Hajiya ƙorafi cewa yarinya ta bar hadda ta koma danne-danne. Hajiya ta ajiye carbi ta ce, "Bara'atu, mi kika so ta yi? Ta zamna tana kallon ƙohwa kamar mu? Ki bar ta, ɗiyata."

Kowa a gidan nan yana da abin yi a kan Abban Husna. Yaya Bello na da waya. Hajiya ta haife shi. Sadiya na da kwamfuta. Ni matarsa ce kawai, ina dafa abincin da ba mai ci.

Alhamis 14 ga Agusta, bayan magariba

"Goggo ta ce." "Goggo ta nuna mini." "Goggo ta iya." Yau Husna ta yi mini magana mai tsawo, karo na farko. Duk a kan Goggo. Wai akwai wata baƙar taga da ake rubuta wa kwamfuta umarni a ciki, ta rubuta ta ga kwanan wata ya fito. Idonta na ƙyalli. Na ce, "Ni ma ai ina koyar da kwamfuta a aji shida." Ta ce, "A allo, Umma. Da alli."

Ba da raini ta faɗa ba. Da ma da raini ne.

Asabar 16 ga Agusta, da hantsi

Ruwa tun safe. Ba kira.

Litinin 18 ga Agusta, bayan la'asar

Dogo ya dawo.

Mansura ce ta kira ni da kanta, tana kuka tana dariya. Wani mai babur ya tsince shi a bakin hanya. Suna asibiti nan Gusau. Na sa hijabi muka je da Hajiya. Na riƙe hannun Mansura na ce barka, barka, Allah Ya ƙara kiyayewa. Bakina ya faɗi duk abin da ya kamata.

Tana ba shi kunu da cokali. Ya rame, ƙafafunsa duk a naɗe, amma yana haɗiya, maƙogwaronsa na motsi. Na tsaya ina kallon maƙogwaron mijin wata. Me ya sa shi? Shi ne direba, shi ya bi hanyar. Astagfirullah. Na rubuta, ba zan goge ba.

Da ya ga Hajiya sai ya juya fuska bango ya ce, "Mun rabu yana tsaye da ƙafarsa." Yaya Bello ya fitar da mu.

Laraba 20 ga Agusta, Nahuce, da yamma

Na zo gidanmu a Nahuce ta Bungudu in huta da gidan can. Na ce wa Husna ta shirya, ta ce ita za ta zauna, suna da aiki da Goggo. Na ɗaga murya. Sadiya ta shigo ta ce, "Husna, bi Ummanki." Nan take yarinyar ta tashi ta ɗauko mayafi. Maganata ba ta tashe ta ba, ta Sadiya ce ta tashe ta. Sai na ce ta zauna, ba na so. Na taho ni kaɗai.

Inna ta dama mini fura. Gero ya fara fitar da kai a bayan gida. Na ba ta labari duka, ina jira ta tsaya mini. Ta ce, "To ke mi ya hana ki zamna tare da su?"

Na ce ba a gayyace ni ba.

Ta ce, "Ɗiyar da kika haihwa?"

Juma'a 22 ga Agusta, Nahuce, bayan sallah

Na kira Husna. Ta ce ranar Lahadi za su ɗora Linux ɗin gaba ɗaya a cikin kwamfutar, ba daga filas ba, don idan Abba ya dawo ya tarar an gama masa. "Ni da Goggo." Ta ce idan, sannan ta gyara ta ce in sha Allahu ranar da ya dawo.

Gobe zan koma.

Asabar 23 ga Agusta, Gusau, da la'asar

Na yi wani abu.

Lahadi 24 ga Agusta, da hantsi

Ban fita daga ɗaki ba. Na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, bayan azahar

Bari in rubuta yadda ya faru.

Da na iso jiya sun tafi kai wa Dogo abinci, Hajiya na barci. Kwamfutar na kan tabarmar Sadiya, filas a jiki. Na ga yadda take kunnawa, na yi yadda take yi, ta tashi. A fuskar akwai wani ɗan hoton faifai da aka rubuta a ɗora. Na ce a raina, Turanci ne, ina jin Turanci. Kwamfutar mijina ce. Idan ya dawo ya tambayi wa ya yi, a ce ni. Husna ta shigo ta tarar uwarta ta gama.

Na zaɓi harshe, na zaɓi ƙasa, duk da sauƙi. Har na fara jin daɗi. Sai ta kawo tambaya: a ajiye sabon gefen tsohon, ko a share a ɗora shi kaɗai? Husna ta ce gaba ɗaya. Na zaɓi na biyu. Wani gargaɗi ya fito, na fara karantawa, sai na ji ƙarar Keke Napep a ƙofar gida. Na danna.

Ba su ba ne. Maƙwabta ne.

Na zauna ina kallon layin yana cika. A lokacin ne maganar ta shiga kaina, share me? Da ta gama ta sake tashi, ta fito tsaf, da sauri kamar sabuwa. Na nemi hotunan. Na buɗe ko'ina. Babu gonar Rawayya, babu suna, babu muryarsa. Na rufe ta na mayar yadda take.

Mutumin ba ya nan, abin da ya rage nasa kuma ni na share da yatsana.

Litinin 25 ga Agusta, da safe

Jiya da yamma na ji ihun Husna. "Goggo, ina hotunan Abba? Wa ya taɓa?" Na tashi zaune.

Na ji Sadiya ta ce, "Kwantar da hankalinki. Suna nan. Tun ranar farko na kwafe komai a faifan ajiyata, haka ake yi kafin a taɓa kwamfutar mutum. An riga mu ɗorawa ne kawai, aiki ya ragu."

"Wa ya ɗora?"

"Je ki ɗebo mini ruwa."

Ba ta faɗa ba. Na jira ta faɗa. Na shirya abin da zan mayar mata idan ta faɗa.

Talata 26 ga Agusta, bayan azahar

Hotunan sun dawo duka. Na gode wa Allah har na yi sujada. Kuma tun jiya ban iya haɗa ido da Sadiya ba. Ta cece ni, ta rufa mini asiri, yanzu har hoton aurena a jakarta yake. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Mutum ya fi ka iyawa, ya kuma fi ka hali, ina za ka sa kanka?

Alhamis 28 ga Agusta, da yamma

Ta same ni a kicin ina yanka kuɓewa. Ta ja kujera ta zauna ta ɗauki wuƙa.

Na ce, "Kin san ni ce."

Ta ce, "Sunan da aka sa wa kwamfutar Bara'atu ne, Anti. Na canza kafin Husna ta lura."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mata ba? Ai da kin ƙarasa karɓe ta."

Ta ajiye wuƙar. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Karɓe ta? Kin san me ya sa nake manne da kwamfutar nan? Taronsu na ofis ranar Litinin ne. Ni na ce masa ya zo tun Alhamis, filas ya haɗu, mu zauna mu ɗora tare a ƙarshen mako. Ya kira ni daga tasha ya ce ga shi nan, in dafa masa taliya. Ni na kira shi kan hanyar nan. Idan na bar danne-dannen nan na minti ɗaya, abin da nake ji ke nan."

Ta kifa kai a gwiwa. Na san abin da ya dace in ce, kuma na faɗa, cewa abin da Allah Ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Na dafa bayanta har ta yi shiru. Da gaske na tausaya mata.

Amma ga abin da ya tsaya mini. Daga tasha ita ya kira. Ni ce mini ya yi an matso da taron.

Asabar 30 ga Agusta, da hantsi

An kira. Yaya Bello ya tafi Tsafe da wasu mutum biyu, bai ce me za su yi ba. Hajiya ta ɗauki azumi.

Talata 2 ga Satumba, bayan la'asar

Makaranta ta kusa komawa, ban shirya darasi ko ɗaya ba. Na shiga ɗakin Sadiya na ce, "Da me ake rubutu a abin nan naku?" Husna ta ɗago da sauri. Ta matsa mini wuri a tabarma.

Ita ta nuna mini, ba Sadiya ba. Sadiya ta ce za ta je kitso, ta fita, alhali shekaranjiya aka yi mata. Husna ta kama yatsana ta ɗora a kan linzamin kwamfutar. "A'a Umma, sau ɗaya za ki danna." Ta nuna mini inda ake samun ƙ da ɗ da ɓ, na buga sunan makarantarmu. Tana ƙamshin man gashin Sadiya. Na ci gaba da bugawa.

Alhamis 4 ga Satumba, da rana

Na buga darasin mako biyu. Kwamfutar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, kuma fankarta ta daina kukan nan da take yi a Tsafe. Da Husna ta ce, "Goggo ta ce," na ce, "To me Goggon ta ce?" Har ƙarshe na saurara.

Ba kira.

Lahadi 7 ga Satumba

Ya Allah. Ya Allah.

Talata 9 ga Satumba, asibiti, da hantsi

Abban Husna yana barci. Na yanke masa farce. Ba zan rubuta yadda bayansa yake ba.

Da aka shigo da mu ranar Lahadi, Hajiya ya fara gani, sai Husna. Ni ina baya. Ya ɗaga kai yana dubawa ta saman kafaɗarsu har ya same ni. Wannan na ajiye shi.

Sadiya ba ta shigo ba. A baranda ta tsaya.

Juma'a 12 ga Satumba, gidan Hajiya, bayan la'asar

An sallame mu. Ba za mu koma Tsafe yanzu ba. Ba ya son ƙarar waya, ba ya son a rufe ƙofa, ba ya son a buɗe ta da ƙarfi. Ba ya magana sai kaɗan, kuma ni yake yi wa. Ruwa, Bara'atu. Zauna, Bara'atu.

Husna ta kasa haƙuri. Ta jawo Sadiya suka shigo da kwamfutar, ta buɗe a gabansa. "Abba, duba! An gama maka." Ya kalli fuskar, ya kalli Sadiya, ya runtse ido. Ya ce, "Ku ɗauke. Ku bar ni da Bara'atu."

Sadiya ta rufe ta a hankali, ta rungume a ƙirji ta fita. Na ga bayanta. Abin da na yi ta roƙo ke nan tun da muka zo gidan nan, a ce ni kaɗai. Na zauna kusa da shi ina jiran daɗin ya zo.

Lahadi 14 ga Satumba, da yamma

Sadiya ba ta ci abinci ba tun shekaranjiya. Ta ce wa Hajiya za ta koma Zariya neman aiki.

Bayan la'asar na ce masa, "Abban Husna, ƙanwarka na ganin kana riƙe da ita." Ya ce, "Hasken ne ya dame ni. Kuma na tuna ranar." Na ce, "Ita kullum a ranar take."

Na je na same ta na ce ta zo ta zauna da shi, zan ɗora ruwan gashin ƙafarsa. Ta ce, "Anti, ba ya so." Na ce, "Tashi. Ki ɗauko kwamfutar, ki rage hasken."

Daga kicin ina jin su. Sai muryarsa ƙasa-ƙasa, "Wa ya ɗora?" Husna ta ce Goggo. Sadiya ta ce, "A'a. Anti ce, ita kaɗai, ba kowa a gida." Husna ta ce, "Umma?" Sai Sadiya ta rage murya, ban ji me ta ƙara ba.

Sai ya yi dariya. Gajeriya, da tari a ƙarshenta, amma dariya ce. Tun da ya dawo nake wanke shi, nake ba shi abinci a baki, bai yi mini ita ba.

Abin ya soke ni inda ya saba. Na tsaya da tsumma a hannu ina jin su ukun suna magana a kan juna. Ruwan ya tafasa. Na ƙara na sanyi a kai, na mayar da tukunyar kan wuta.